Ba Kowane Ɓatan Wata ne Ciki Ba

A yankin da ruwan madatsar Tiga ya mayar da shekara damina biyu, kowa gwanin lissafin kwana ne. Manomin Kura ya san kwanakin da irin shinkafa zai yi kafin a cire shi a dasa. Na Bunkure ya san ranar da ruwa zai zo layinsa. Mai tumatir a Garun Malam zai iya faɗa maka makon da kwando zai karye a kasuwar Kwanar Gafan tun bai karye ba. Sai dai akwai lissafi guda da ba a yin sa a majalisa, ko a tsakar gida ma ba a ɗaga murya a kansa. Shi ne wanda mace ke yi ita kaɗai a zuci: yau kwana nawa ke nan ban ga al'adata ba?

A Madobi da garuruwanta irin su Kwankwaso da Kafin Agur da Burji, kamar sauran ƙasar Hausa, fassara biyu ake yi wa ɓatan wata. In matar aure ce, sai a ce an samu ƙaruwa, uwar miji ta fara ƙirga watanni. In budurwa ce ko bazawara, zargi ne ke riga tambaya isowa. In kuma watanni suka shuɗe ciki bai fito ba, sai a koma kan sanyi, ko kwantacce, ko shafar aljanu. Amma dalilan da likitoci suka sani sun fi haka yawa. Wasunsu ba komai ba ne, da kansu suke wucewa. Wasu sai an yi watanni ana magani. Akwai kuma wanda ke iya kai mace kushewa a yini guda. Abin da ke rarrabe su ba shi da tsada: ƙirga kwana, gwajin fitsari, da sanin lokacin da zaman jira ya zama ganganci.

Yaushe ake cewa al'ada ta makara?

Ana fara ƙirga daga ranar farko da jini ya zo, zuwa ranar farko ta zuwansa na gaba. Ga yawancin mata, wannan tazara tana tsakanin kwana 21 da 35. Kwana 28 da ake yawan ambata matsakaici ne, ba doka ba. Macen da tazararta kwana 33 ce lafiyarta lau, ko da yake in tana aunawa da tsayuwar wata, wanda ke kwana 29 ko 30, kullum za ta ga kamar tana ja baya. Gocewar 'yan kwanaki gaba ko baya ma ba abin tayar da hankali ba ce. Idan aka zarce mako guda kan ranar da aka saba, to an makara, lokacin gwaji ya yi. Idan aka cika wata uku a jere babu jini, babu ciki, ba a kuma shayarwa, magana ta zama ta asibiti.

Matan yankin ba baƙin wannan lissafi ba ne. A Islamiyya an koya musu hukuncin haila saboda salla da azumi, sun kuma san cewa a Malikiyya jinin da ya wuce kwana 15 ya fita daga haila. Wadda ke riƙe adadin kwanakin ramuwar azuminta ba za ta kasa riƙe ranar da jini ya fara ba. 'Yar alama a kalanda ko a waya ta isa, kuma ita ce tambayar farko da malamar asibiti za ta yi.

Wanda ya san yadda ruwa ke isa fangali zai gane yadda al'ada ke zuwa. Ruwa daga Tiga yake tasowa, ya bi babban kanal, ya ratsa ƙofofi, ya shiga ƙananan magudanai kafin ya kai gona. In fangali ya bushe, manomi ba ya tsayawa yana tuhumar ƙasa, layi yake bi ya gano inda aka toshe. A jikin mace ma umarni daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya bi ta wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashinta, wanda ake kira fituwitari, ya isa gidan ƙwai. Gidan ƙwai ya saki ƙwai ɗaya, ya kuma saki sinadaran da ke gina shimfiɗa a cikin mahaifa. In ba a samu ciki ba, kimanin mako biyu bayan fitar ƙwan sai shimfiɗar ta zube, shi ne jinin da ake gani. Saboda haka makarar al'ada yawanci tana nufin ƙwai ne ya makara, ko bai fita ba sam. Tangarɗar na iya kasancewa a sama, ko a tsakiya, ko a mahaifar kanta, kuma kowacce da nata maganin.

A fara da gwaji

Ga duk macen da ke tare da miji, ciki shi ne zato na farko, ko tana shayarwa, ko tana allurar tazara, ko ta haura shekara arba'in. Tsinken gwajin fitsari yana nan a kusan kowane kemis, kuma kuɗinsa bai kai na mudun shinkafa ba. Yana gano wani sinadari ne da jiki ba ya fitarwa da yawa sai ciki ya kama. Yana aiki tun daga ranar da al'ada ta saɓa, kuma fitsarin farko na safe ya fi ba da amsa. In ya nuna babu amma jini bai zo ba, a sake bayan mako guda.

Kunya kan sa mai cikin fari ta ɓoye har sai zani ya tona. Wannan ɓuya tana da asara, musamman a yankin da ruwa ke kwance rani da damina, sauro bai san hutu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce a fara awo cikin mako 12 na farko, a kuma je aƙalla sau takwas kafin haihuwa. A awo ne ake samun ƙwayar ƙarin jini da folik asid, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro bayan wata uku, a nan ake duba hawan jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Yawancin mata ke nan suke shiga ciki da giɓi tun daga farko.

Cikin da ya zauna a wajen mahaifa

Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a wasa da ɓatan wata. A cikin kowane ciki ɗari, ɗaya ko biyu ba sa isa mahaifa, sai su maƙale a siririn bututun da ke ɗauko ƙwai. Bututun ba ya iya buɗewa kamar mahaifa. Tsakanin mako na shida da na goma yakan fara tsagewa, in ya fashe jini ya riƙa zuba a cikin ciki, inda ido ba ya gani.

Alamominsa su ne ɓatan wata, sai ciwon mara a gefe ɗaya, sai ɗigon jini baƙi-baƙi wanda ake ɗauka al'ada ce ta zo a makare. Daga baya jiri, gumi mai sanyi, ciwo a ƙarshen kafaɗa, tafin hannu ya yi fari, mace ta yanke jiki ta faɗi. A nan babu jiran maigida ya dawo daga lambu, babu jiƙe-jiƙe, babu ruƙiyya kafin mota. Aiki ake yi, ana kuma buƙatar jini, don haka asibitin da ke da ɗakin tiyata za a nufa, Babban Asibitin Kura ko kai-tsaye birni, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, tare da 'yan uwan da za su iya ba da jini.

Abin da ke toshe bututun shi ne tabo, kuma yankin noman rani yana da nasa sanadin na daban. Tsargiya, wadda aka fi sani da fitsarin jini a jikin yara maza masu iyo a kanal, tana kama mata ma ta hanyar wanki da wanka da dashe a cikin ruwa. Ƙwan tsutsar yana zama a bakin mahaifa da bututu, ya jawo ƙaiƙayi da fitar ruwa da zubar jini bayan saduwa, a yi ta shan maganin sanyi ba a ga sauƙi ba. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan nau'i a Afirka kudu da Sahara. Maganinta shi ne Praziquantel ɗin da ake raba wa 'yan makaranta, amma ba ya goge tabon da ya riga ya zauna. Mace daga Kura ko Bunkure ko fadamun Madobi ta faɗa wa likita cewa tana shiga ruwa, ko bai tambaya ba.

Goyo da allura

Mai shayarwa na iya yin wata shida, ko shekara, ko fiye ba ta ga jini ba, kuma ba ciwo ba ne. Sinadarin da ke kawo nono shi ne ke danne fitar ƙwai. Inda ake faɗawa rami shi ne zaton cewa tunda jini bai dawo ba, ciki ba zai shiga ba. Ƙwai yana riga jini fitowa da mako biyu, don haka mace na iya ɗaukar ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba tun haihuwa. Ta nan rurrutsa ke shigowa. Shayarwa tana karewa ne in sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, jini kuma bai dawo ba. Da an fara ba shi ruwa da koko, ko uwa ta fara barin sa a gida tana tafiya dashe ko ɗiban tumatir tun safe, kariyar ta yi rauni. Masana na ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki.

Masu tazarar haihuwa kuma suna da nasu ƙorafin, wanda malaman asibiti ke ji kullum: "Malama, tun da aka yi min allurar nan ban sake fashin salla ba, ina jinin yake taruwa?" Ba ya taruwa ko'ina. Allurar wata uku, Depo-Provera ko Sayana Press, tana hana shimfiɗar mahaifa yin kauri, to abin da ba a gina ba babu abin da zai zube. Kusan rabin masu wannan allura kan daina ganin jini bayan shekara guda. Ashanar hannu ma takan ɗauke shi ga wasu, ga wasu kuma ta hargitsa shi. Abin da ya kamata a faɗa wa mace tun farko shi ne bayan ta daina allurar, samun ciki kan ɗauki kimanin wata goma daga allurar ƙarshe, wani lokaci fiye. Jinkiri ne, ba juya ba. Ƙwayar gaggawa irin Postinor-2 da ƙwayar da wasu ke sha don ɗage al'ada a azumi ko aikin Hajji su ma suna karkatar da lissafin wata ɗaya ko biyu.

Aiki, abinci da damuwa

Ƙwaƙwalwa ba ta ba da umarnin fitar ƙwai in ta ga jiki na cikin matsi. Macen da ke tsaye kan tukunyar turara shinkafa daga asuba zuwa la'asar, ko ta wuni a duƙe tana dashe, ga goyo ga ƙarancin abinci, in ta rame sosai al'adarta na iya tsayawa. Haka zazzaɓi mai tsanani, taifot, tarin fuka, ciwon suga da ba a kula da shi ba, da ciwon ƙoda. Damuwa ma haka: rasuwa, saki, zuwan kishiya, bashin taki da ya hau kan gida bayan ambaliya ta cinye gona, ko jarrabawa ga 'yar makaranta. Har fargabar ciki kanta na iya jinkirta jinin da ake jira. Irin wannan yakan daidaita da kansa in hali ya sauya, amma in ya kai wata uku a bincika, domin doguwar tsayawar al'ada irin wannan tana rage ƙarfin ƙashi.

Sai maganar feshi, wadda ba ta rabuwa da noman tumatir da shinkafa. Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan matan manoma sama da dubu uku a jihohin Iowa da North Carolina na Amurka ya gano cewa waɗanda ke haɗawa ko fesa magungunan ƙwari da na ciyawa sun fi sauran samun doguwar tazara da tsallaken wata. A nan gida mace ba lallai ta ɗauki tankin feshi ba, amma ita ke wanke kayan da aka yi feshi da su, a ɗakinta ake ajiye ragowar magani, wani lokaci ma jarkar ta koma ta ruwa ko ta mai. Wanke kayan feshi daban, da fitar da magani daga ɗakin kwana, da fasa jarkar da ta ƙare, ba sa cin ko kwabo.

Idan tangarɗar daga sinadaran jiki take

Akwai matan da tun suna 'yan mata al'adarsu sai ta ga dama, yau wata biyu gobe huɗu. In aka haɗa da ƙurajen fuska, gashi a haɓa ko ƙirji, ƙiba a ciki, da baƙin wuya da ba ya fita da wanka, likita zai yi zaton ciwon da ake kira PCOS. Yana shafar kusan mace ɗaya cikin goma, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu shi ba su san suna da shi ba. Yana kan gaba cikin dalilan jinkirin haihuwa, kuma yana cikin waɗanda aka fi samun nasarar magancewa, da rage ƙiba da magungunan da ke sa ƙwai ya fita. Barin sa kuwa yana buɗe ƙofar ciwon suga, shimfiɗar mahaifa kuma in ta daɗe tana kauri ba ta zuba ba, tana iya rikiɗewa ta zama daji bayan shekaru.

Ƙullutun wuya da ake kira tayirod, wanda kumburinsa ne maƙoƙo, in ya yi sanyin aiki sai kasala da jin sanyi da ƙiba, in ya yi gaggawa sai rama da bugun zuciya da rawar hannu. Duka biyun suna hargitsa al'ada, kuma gwajin jini ɗaya ke nuna su. In kuma nono na fitar da ruwa ga macen da ba ta shayarwa, al'ada ta ɗauke, to sinadarin nono ne ya hau. Wani lokaci wani ɗan tsiro ne a fituwitari, wanda yawanci ƙwaya ke ƙanƙantar da shi ba sai an yi aiki ba. In da ciwon kai mai naci ko gani ya fara raguwa ta gefe, kada a jinkirta.

Magunguna ma suna da hannu. Wasu na taɓin hankali da na amai suna ɗaga sinadarin nono, amma ba a daina su sai da sanin likita. Tiramol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta haramta a maganin tari a watan Mayun 2018, suna danne umarnin ƙwaƙwalwa. Sai sha-ka-fashe, da 'yan mata da amare ke sha don su yi ƙiba kafin biki. Abin da ke cikinsa yana kumbura fuska da ciki, ya kawo hawan jini da suga, ya kuma rikita al'ada. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, a hankali ake janye shi a hannun likita.

Abin da haihuwa ke bari

Akwai labarin da ake ji a ƙauyuka da yawa. Mace ta haihu a gida, ta zubar da jini har ta suma, Allah Ya yi da sauran kwana. Amma nono bai zo ba. Aka yi arba'in, aka yi shekara, aka yaye yaro da madara da koko, jini bai dawo ba. Kullum tana kwance, tana jin sanyi, gashin hammata ya zube. Sai a ce mayu ne, ko ba ta yi wankan jego da kyau ba. Likita Harold Sheehan ya bayyana wannan ciwo tun 1937: zubar jinin ce ta hana fituwitari samun jini har wani sashensa ya mutu. Ana gano shi da gwajin jini, ana kuma mayar wa jiki sinadaran da ya rasa, mace ta miƙe. Rigakafinsa shi ne haihuwa a inda za a iya tsayar da jini. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Ya nuna cewa auna jinin mai haihuwa da leda mai ma'auni, da ba da magunguna a tare nan take, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin ɗari.

Wata kuma bayan ɓari aka yi mata wankin ciki, daga nan jini ya koma ɗigo ko ya ɗauke. Kankarar da ta yi yawa, ko ƙwayoyin cuta da suka shiga, kan sa bangon mahaifa ya manne. Tarin fuka ma yana sauka mahaifa ya yi irin wannan ɓarna ba tare da mace ta taɓa tari ba. Waɗannan aikin likitan mata ne.

Kwantacce

Da wuya a yi wannan magana a ƙasar Hausa ba a taɓo kwantaccen ciki ba. A fiƙihun Malikiyya an ba da dama cewa ciki na iya daɗewa shekaru, kuma wannan na cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta duba lokacin da ta wanke Amina Lawal daga tuhumar zina ranar 25 ga Satumba, 2003. Malamai sun kuma tanadi hukunci ga matar da aka saka, hailarta ta ɗauke ba dalili: ta jira wata tara, sannan ta ƙara uku. Waɗannan hukunce-hukunce suna kare nasaba da mutunci da rai, kuma hurumin malamai da alƙalai ne.

A ɗakin likita kuwa, hoton ciki bai taɓa nuna ɗan tayi mai rai da ya yi barci ya farka ba. Abin da ake samu in an duba mai kwantacce shi ne ɗaya daga cikin waɗannan: cikin da ya mutu bai fita ba, ƙari a mahaifa ko gidan ƙwai, ruwa a ciki saboda ciwon hanta ko zuciya, tsayawar al'ada saboda sinadarai, ko cikin ƙarya, wanda tsananin son haihuwa ke sa jiki ya kwaikwayi alamomin ciki har da motsi. Kowane ɗayansu yana da abin yi, wasunsu kuma jira na ƙara musu muni. Sikanin na minti goma zai faɗi abin da shekara biyu ta jiƙe-jiƙen tayar da ciki ba za ta faɗa ba, kuma ita kanta mai idda tana amfana da sanin gaskiyar halinta.

Farko da ƙarshe

A shekara biyu ko uku na farkon balaga, tsallaken wata abu ne da aka saba. Uwa ta tambayi 'yarta cikin sirri da taushin murya kafin ta ɗaga hannu, domin yarinyar da aka fara da duka ba za ta sake faɗin komai ba, ko ranar da take zubar da jini. A kai yarinya asibiti in ta cika shekara 15 ba ta fara ba, ko ta kai 13 babu alamar ƙirgen dangi. Masu sikila da masu ƙarancin abinci sukan makara. Akwai kuma wadda kowane wata mara ke murɗa mata amma jini ba ya fita, saboda wata fata ta rufe hanya tun haihuwa. A nan kam jini yana taruwa, kuma ƙaramin aiki ne a asibiti. Kai ta wurin wanzami ko ungozoma a yi yankan gishiri shi ne babban haɗari. Aska ba ta ganin mafitsara, kuma cikin matan da ake yi wa gyaran yoyon fitsari a cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala da ta Babbar Ruga a Katsina, akwai waɗanda ba naƙuda ce ta kai su ba, wannan yankan ne.

A ɗaya ƙarshen, tsakanin shekara 45 da 55, al'ada kan fara tsallake kafin ta tsaya, tare da jin zafi na tasowa da gumin dare. Sai an cika wata 12 babu jini ake cewa ta tsaya, kafin nan ciki na iya shiga. Duk jinin da ya dawo bayan haka ba al'ada ba ce, a je a duba. In kuma ta tsaya kafin shekara 40, abin da ke samun aƙalla mace ɗaya cikin ɗari, akwai buƙatar magani don kare ƙashi da zuciya.

Tsakanin kemis da asibiti

Hanya mafi kusa ita ce a aiki yaro ko a rufe fuska da mayafi a je kemis: "A ba ni wanda zai sauko da shi." Sai a miƙo ƙwaya ko a yi allura irin Menstrogen. Waɗannan sinadarai ne da ke sa shimfiɗar mahaifa ta zube in babu ciki. Ba sa gyara tayirod, ba sa warkar da PCOS, ba sa taɓa cikin da ke wajen mahaifa, illa su ba mace kwanciyar hankalin ƙarya. Irin wannan ƙwaya mai suna Primodos an janye ta daga kasuwar Ingila tun 1978, bayan ƙorafin cewa tana iya nakasa jarirai. Kanwa da sassaƙe masu ɗaci da cushe-cushe kuwa sun sha kai mata ga zubar jini da lalacewar ƙoda.

A je asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, in bayan ɓatan wata aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe ɗaya.
Jiri, suma, ko ciwon ƙarshen kafaɗa.
Jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ko yana fita da gudaji.
Zazzaɓi tare da ruwa mai wari, musamman bayan ɓari ko shan wani abu.
Aman da ya hana ko ruwa zama a ciki.

A je cikin 'yan kwanaki in gwaji ya nuna ciki, in an cika wata uku babu jini babu ciki, in tazara kullum tana wuce kwana 35, in nono na zubar da ruwa ba goyo, in gashi ya fito a fuska, in an yaye yaro wata uku jini bai dawo ba, ko in an yi shekara da aure ana nema ba a samu ba. A wannan na ƙarshe har da maigida za a gwada.

Asibitin matakin farko na mazaɓa ya isa a fara: gwajin ciki, awon jini, tambayoyi. Daga nan a tura babban asibiti don sikanin, in ana buƙatar gwajin sinadarai a wuce birni, wanda daga Madobi ko Kura bai kai tafiyar awa guda ba. A tafi da ranar jinin ƙarshe, da katin tazarar haihuwa, da kwalin duk abin da aka sha, na kemis da na gargajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda ke jin nauyin likita namiji tana da damar neman mace, kuma Madobi da kanta tana da makarantar koyon aikin jinya da ke yaye 'ya'yan jihar.

Saura abu ɗaya da ba ya hannun mace. A gidaje da yawa ba ta fita sai da izini, ba ta da kuɗin mota sai an ba ta. Maigidan da zai yi tattaki har Kano neman maganin tsutsar tumatir, ya kamata ya san alamomi biyar ɗin nan kamar yadda ya san farashin buhun taki. Ya kuma faɗa tun yau, a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa, cewa duk ranar da aka ga ɗayansu, ko yana gida ko yana Legas da lodin kaya, izininsa ya riga ya fita, kuɗin mota kuma ga inda yake.